Aiken da Inna Ta Yi Mini Zuwa Amurka

Tun da na dawo ban sha shayi a shago cikin kwanciyar hankali ba. Mutum zai zo sayen ƙusa ko kwanon rufi, sai ya manta da abin da ya kawo shi, ya ja benci ya ce, "Alhaji Garba, yaya Amurka?" Wani dogayen benaye yake son ji, wani ƙanƙara, wani kuma so yake ya san ko gaskiya ne karnuka na kwana a gado. Na amsa har bakina ya gaji. Shi ya sa na zauna na rubuta, duk wanda ya sake tambaya in miƙa masa ya karanta, ni kuma in koma kan cinikina.

Ba yawon buɗe ido na je ba. Mutanen unguwarmu Kokoro sun san ƙanena Hamisu, wanda ya kwashe iyalinsa suka bar Bangui lokacin tashin hankalin nan, suka daɗe a Kamaru, daga baya aka kai su Amurka. Babban ɗansa Bashir a ɗakin mahaifiyarmu Inna ya tashi har ya yi wayo. Maigidana take kiransa, shi kuma ya ce mata tsohuwar amarya. Bara wani ɗan sanda ya tsayar da shi a mota da rana tsaka, ya harbe shi, ya rasu a wurin. Da aka sa lokacin shari'a, Hamisu ya bugo waya ya ce in zo, ba zai iya zama a kotu ba wani babba a gefensa ba.

Ranar da zan tashi, Inna ta kira ni ɗakinta. Ta ɗaure busasshen kifi da ganyen miyar nan da muke kira ganyen koko da ƙullin yaji na kai wa Rabi, matar Hamisu. Sannan ta ce, "Garba, ban ce ka kawo mini tsaraba ba. Ban kuma ce ka kawo mini labarin ɗauri ba, wannan na alƙali ne. Abu ɗaya nake so. Ka gano mini ko Maigidana ya cika da kalmar shahada."

Na ce, "Inna, babu namu ko ɗaya a wurin. Wa zan tambaya?"

Ta ce, "Ka tambayi wanda ya kashe shi. Ai shi yana wurin."

Takardar izinin shiga ƙasar a Yaounde ake nemanta, don haka na bi Idi direba, wanda yake kawo mini kaya daga Douala, yana komawa da kamiyo babu kaya. Wanda bai taɓa shiga babbar mota fanko a hanyar Bouar ba bai san yawan ƙasusuwan jikinsa ba. Idi kuwa ko a jikinsa, yana cin goro yana ba ni labarin matansa na da. A kowace bariya aikin ɗaya ne, kuma duk mun haddace shi. Ka sauko daga mota, ka taka ka je wurin jandarma, ka gaishe shi da Sango, yaren ƙasarmu, ka ce, "Bara ala, shef," ka tambayi aiki da iyali, hannunka na cikin aljihu kana laluben takarda. Idan ka zauna a mota ba ka sauko ba, raini ne, ranar za ka wuni a gindin mangwaro. A Yaloke muka ci gozo, wato tuwon rogo, da miyar gyaɗa wurin wata mata da ta rantse naman akuya ne. Idi ya ce shi bai taɓa ganin akuya mai irin wannan ƙashi ba, muka bar naman muka sha romo.

A Garoua-Boulai, bayan mun tsallake iyaka, na sauka gidan wani dattijo da ya san mahaifinmu. Kafin in wanke ƙafa zaure ya cika da mutanenmu na unguwar Kilomita Biyar ta Bangui, waɗanda suka gudo tun wancan lokaci ba su koma ba. Wannan ya tambayi gidansa na Yakite, ko har yanzu rufin na nan. Waccan ta aiko a tambaye ni ko mai wainar bakin masallaci tana raye. Da suka ji abin da zai kai ni, wani tsoho ya girgiza kai ya ce, "Yaron da ya tsira daga harsashin Bangui." Bai ƙarasa ba, kuma ba wanda ya ƙarasa masa.

A Yaounde wata Baturiya ce ta yi mini tambayoyi ta bayan gilashi, da Faransanci mai kyau. Ta ce me zan je yi, na ce shari'ar wanda ya kashe ɗana. Ta duba takardu ta ce ai nan an rubuta ɗan Hamisu ne. Na ce haka ne, Hamisu ne ya haife shi, amma a wurinmu ɗan ƙanenka ɗanka ne, ni na yanka ragon sunansa. Ta dube ni ta ce ta yi mini ta'aziyya. Na fito ina mamakin yadda ta'aziyyar farko daga mutanen ƙasar ta zo mini ta cikin ɗan ramin gilashi.

Jirgi ba abin ba da labari ba ne. An cusa mu kamar buhunan siminti, an ba mu abinci a ɗan akwati wanda ban gane gabansa da bayansa ba, na ci burodin na mayar da sauran. Salla a zaune na yi ta, alƙibla kuwa na bar wa Allah sani. Da muka sauka, ina jiran kaya, sai ga wani ɗan kare mai dogayen kunnuwa ya zo ya zauna kusa da jakata kamar mun saba. Mai riƙe da shi ya sa safar hannu, ya buɗe, ya zaro kifin Inna da ganyen koko, ya yi mini dogon bayani cikin ladabi, ya jefa su a shara. Yajin ya buɗe ya shinshina, ya yi atishawa har hularsa ta karkace, ya ɗaure ya miƙo mini da sauri. Shi kaɗai ya isa hannun Rabi.

Ba zan faɗi sunan garin ba, don maganar ba ta ƙare ba. Gari ne mai sanyi, irin sanyin da ke shiga haƙori. Hamisu ya tarbe ni da 'yarsa Nafisa, ƙanwar Bashir, wadda na sani tana rarrafe, yanzu ita ke tuƙa mota. Hamisu na girme shi da shekaru, amma wanda ya gan mu tare zai ce shi ne yayana. Muka rungume juna. Nafisa ta gaishe ni da Hausarta mai ɗingishi, idan ta maƙale ta jawo Sango, idan Sango ya ƙare ta koma Faransanci. Ita ce ta zama bakina da kunnena duk zaman da na yi.

A hanyar gida na yi kuskuren da har yanzu ban manta da shi ba. Motar 'yan sanda ta biyo bayanmu da fitilu suna walƙiya, Nafisa ta gangara gefe. Ni kuwa jikina ya yi abin da ya saba. Na kama marfin mota zan fita in je in gaishe su, ɗaya hannun ya shige aljihun riga neman fasfo. Nafisa ta cafke wuyan hannuna da ƙarfin da ban zaci tana da shi ba.

"Baffa, fitar da hannunka. A hankali. Ɗora shi nan gaba inda za a gani."

Motar ta wuce mu da gudu, ashe ba mu take bi ba. Nafisa ta kifa kai a kan sitiyari ta daɗe. Hamisu daga kujerar baya ya ce, "Yaya, nan ba a sauka, ba a gaisuwa, ba a sa hannu a aljihu. Baƙin mutum zama yake kamar gunki har a ce ya motsa. Kowane gida ana koya wa yara wannan kafin a koya musu tuƙi." Na ce Bashir fa, an koya masa? Ya ce shi da kansa ya koya masa, ba sau ɗaya ba.

Gidansu ɗakuna ne a bene, ciki zafi kamar gidan burodi, waje kuma ba a magana. Rabi ta yi mini tuwon semo da miyar kuɓewa daskararriya da ake sayarwa a leda, ta barbaɗa yajin Inna, tana ci tana hawaye, ta ce yajin ne. Maƙwabta ba sa shigowa sai sun buga waya. Na tambaya ko dangin ɗan sandan sun zo gaisuwa, ko sun turo wani dattijo. Hamisu ya yi murmushin takaici ya ce lauyoyi sun hana, duk kalmar ban haƙuri a nan shaida ce a kotu. Na ce to ni Inna ta aiko ni wurin mutumin da tambaya. Ya ce in cire wannan daga raina, ko kusa da shi na je zan iya ɓata shari'ar.

Sun kai ni inda abin ya faru, gefen wani titi kusa da gidan mai. Mutanen unguwa sun tara furanni da kyandirori da 'yan tsana a gindin sandar fitila, da hoton Bashir cikin leda don ruwa. Da farko abin ya yi mini bambaraƙwai, mu da muke binne mamaci mu dawo mu shimfiɗa tabarma. Amma da na ga wani tsoho baƙar fata ya tsaya ya cire hula, ya gyara wani fure da iska ta kayar, na gane zaman makokinsu ke nan. Na ɗaga hannu na yi addu'a, shi ma ya tsaya har na shafa.

Kotun ta ba ni mamaki, kuma zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi wa wasu daɗi ba. Mu nan mun binne mutane da yawa a unguwar nan, ban taɓa ganin wanda ya harbe su a gaban alƙali ba. A can na ga ɗan sanda ba kaki ba bindiga, yana miƙewa idan alƙali ya shigo, yana zama idan an ce ya zauna. Yaro ne, bai fi Bashir da yawa ba, kunnuwansa jajaye. Na so in tsane shi fiye da yadda na iya. Masu yanke hukuncin kuma ba alƙalin ba ne, mutum goma sha biyu ne da aka tsinto daga cikin gari, har da mai gyaran famfo da malamar makaranta, kuma sai bakinsu ya zo ɗaya. Shi wanda ake tuhuma doka ta ba shi dama ya ƙi cewa uffan, kuma ya ƙi. Ina zaune ina kallon ƙeyar mutumin da ke riƙe da amsar Inna, tsakaninmu bai fi tsawon kwanon rufi biyu ba.

Abin da ya rage shi ne hoton. 'Yan sandan can suna da 'yar na'ura a ƙirji mai ɗaukar duk abin da ya faru. Nafisa ta bayyana mini cewa idan an danna ta, tana ajiye hoton ɗan lokacin da ya wuce kafin dannawar, amma babu murya. Shi kuwa sai bayan ya yi harbi ya danna. Ranar da za a nuna, Hamisu da Rabi suka fita waje, dama ba su taɓa kallo ba. Ni na zauna, don aike ne ya kawo ni.

Na ga Bashir a mota, hannuwansa biyu a kan sitiyari yadda ubansa ya koya masa. Na ga bakin bindiga a gefen hoton. An ce motarsa ta yi kama da wata da ake nema. Leɓunansa suna motsi, ba a jin komai. Sai hannunsa na dama ya bar sitiyari, hoton ya girgiza, shi ke nan.

Lauyan ɗan sandan ne ya sa aka maimaita wurin, aka rage gudu, aka ƙara girman hannun har ya cika bango. So yake ya nuna wa mutanen nan goma sha biyu cewa hannu ya motsa, kuma duk mai hankali zai ji tsoro. Ya tsayar da hoton yana nuni da sanda. Ni kuwa abin da na gani daban ne. Yatsu huɗu a dunƙule, manuniya a tsaye tana kallon sama.

Na san wannan hannun. Lokacin tashin hankali, idan harbi ya yi kusa, Inna takan kwantar da jikokinta a ƙasa a tsakar ɗaki, ta ce kowa ya ɗaga manuniya ya yi shahada, in ma mutuwa ce ta same mu da ita a baki. Bashir yana ƙarami yakan ɗaga tasa har harbin ya lafa, sai an ce ya sauke. Na taɓa Nafisa na ce ta duba yatsan. Ta duba, ta sa hannu ta toshe bakinta. Ta ce a waya ta sha kallon hoton nan, bai taɓa fitowa haka ba.

Da aka tashi hutu na ce ta kai ni wurin lauyar gwamnati, wadda ke tuhumar ɗan sandan. Mace ce mai haƙuri, ta saurare mu har ƙarshe, idonta ya kawo ruwa. Sannan ta ce ba za a bar ni in tsaya in faɗi abin da ke zuciyar mamaci ba, kuma ko an bari, ba shi doka ke tambaya ba. Abin da doka ke aunawa shi ne ko tsoron da ɗan sandan ya ce ya ji tsoro ne da mai hankali zai ji. Na ce Nafisa ta tambaye ta, tsoron wanda aka ɗora wa bindiga fa, wa ke auna shi? Ta ce babu. Raina ya ɓaci ƙwarai, ba da ita ba, don na ga ita ma abin yana cinta. A jawabinta na ƙarshe dai ta sa an sake tsayar da hoton, ta ce wa masu yanke hukuncin su duba da kyau, hannun sama ya yi, ba ƙasa ba, kuma babu komai a cikinsa.

Mutanen suka shiga ɗaki suka daɗe, har muka fara sanin masu shara da suna. Muna zaman jira a baranda ne na saba da wata dattijuwa baƙar fata, mai zuwa kullum da hular coci da 'yar jakar alewa tana raba wa mutane. Na ɗauka 'yar uwar wani ce a cikin ma'aikata. Nafisa ta ce a'a, ɗanta Markus aka harbe shekarun baya a wata unguwa, ba a ma kai maganar kotu ba. Tun daga nan duk shari'a irin wannan sai ta zo ta zauna bayan iyayen. Ta ce mini, ta bakin Nafisa, nata ɗan hannuwansa biyu suna kan sitiyari har aka zare shi daga motar.

A ƙarshe bakinsu bai zo ɗaya ba. Alƙali ya sallame su, aka ce za a sake sabuwar shari'a da wasu mutanen. An kori ɗan sandan daga aiki, amma a gidansa ya kwana. Hamisu ya tashi ya tafi neman inda ya ajiye mota. Na gaya masa maganar yatsan a daren da zan taho, shi da Rabi, suka yi kuka irin wanda ban ga sun yi ba tun zuwana.

Dawowa ta fi tafiya nauyi. Daga Douala na sake samun Idi, wannan karon da lodin siminti, motar na tafiya kamar mai ciwon baya. A bariyar farko na kasa sauka, na zauna da hannuwa a gaba, sai da Idi ya ce, "Alhaji, lafiya? Sauko mana, kar ka ja mana wuni." Duk tsawon hanyar abu ɗaya nake juyawa. Amsar Inna na samo, amma tana da wutsiya, kuma ban san ko zan iya yanke wutsiyar in ba ta sauran ba.

Na same ta da hantsi a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Ba ta bari na cire takalmi ba.

"Ka tambaye shi?"

"Ba a bari a yi masa magana, Inna. Amma na gani da idona a hoto. Bakinsa yana motsi, kuma ya ɗaga manuniya."

Ta ajiye tiren. Ta yi hamdala ta sake yi, tana shafa fuska, har na fara jin sanyi a raina, na ce a zuciyata shi ke nan, na sauke. Sai ta ɗago ta dube ni irin kallon da take mini tun ina yaro idan na dawo daga aike da saura a baki.

"Bayan an harbe shi ya ɗaga?"

Na yi niyyar cewa e. Na kasa.

"Kafin."

"Shi ya sa aka harbe shi?"

"Abin da lauyan ɗan sandan ya ce ke nan. Wai hannu ya motsa."

Ta dubi gyaɗar. Ta ce, "Ni na koya masa."

Na durƙusa gabanta na ce ba ita ta riƙe bindiga ba. Na ba ta labarin dattijuwar nan mai hular coci, na ce nata ɗan bai ɗaga komai ba, hannuwansa biyu suna inda aka ce ya ajiye su, kuma haka ta binne shi.

Inna ta ce, "Ita wa ya gaya mata yadda nata ya cika?"

Na ce babu wanda ya gaya mata, ko hoton ba a nuna mata ba.

"Yaya sunan yaron?"

Na faɗa mata. Ta maimaita, harshenta ya ƙi, ta sake har ya zauna. Sannan ta jawo tiren ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta, ta ce a kawo mini ruwa.

Ɗakina yana jikin nata, ina jin addu'arta idan ta idar da salla. Tana roƙa wa Maigidanta rahama. Tana roƙa wa Rabi haƙuri, da uwar Markus. Kanta kuwa, duk yadda na yi da ita, gafara take roƙa wa.